Shekarar da Harshen Sarkis Ya Mutu

A ƙauyenmu, can saman duwatsun Labanan, ba mai sa wa inabi wuƙa sai Sarkis ya ce a yanka. Farar giyarmu ba ta da abin taƙama sai ɗan tsamin nan nata mai tsinka yawu, da wani sanyi kamar ka kafa baki a idon ruwan da ke fitowa daga farin dutse. Ka yi gaggawar yanka, ta fito ba ta shawuwa. Ka makara, zaƙi ya cinye tsamin, sai dai a dafa ta a yi arak, barasar nan mai ƙarfi. Tsakanin biyun kwanaki ne ƙalilan, kuma harshen Sarkis ne kaɗai yake gane su.

Gajeren tsoho ne mai saurin fushi. Ba ya shan taba, ba ya cin barkono, wai kada ya ɓata kayan aikinsa. Matarsa Nazha kuwa, ko a maƙwabta aka yanka lemon tsami sai ta yamutsa fuska.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana tashi, iska mai zafi ta taso mana ana gab da Idin Gicciye na watan Satumba, ganye ya fara naɗewa. Kullum da safe mu bi shi gona da kwanduna, ya tsinki ƙwaya, ya tauna, ya tofar, ya ce, "Da saura."

Gonata ce a can ƙasa, ita rana ta fi duka. Raina ya ɓaci, na kira Sarkis da laƙabinsa, na ce, "Haba Abu Fu'ad! Zabibi kake so mu girba?"

Ya ce, "Kai da bakinka bai san giya da ruwan wanki ba? Rufe mana shi."

Aka yi dariya, amma ta yaƙe ce. Wahalar shekara guda ce rataye tana dahuwa a rana.

Nazha ce ta gano abin, ita ta faɗa wa matata daga baya. Da gangan ta zuba masa gishiri a gahawa, ya shanye tas, har da cewa ta yi daɗi. Ashe zazzaɓin ya tafi da harshensa, girman kai ya hana shi faɗa.

Washegari sai ga ta a gona. Ta ratsa mu ta tsaya gabansa, ta ce, "Abu Fu'ad, shekara da shekaru kana ci kai kaɗai. Sam mini ɗaya mana, marowaci."

Ya tsinko ƙwaya ɗaya. Ya sa mata ƙwayar a baki, ya kafa mata ido. Duk ƙauyen an san fuskar Nazha: in abu da tsami, idonta na hagu rufewa yake ruf. Ta tauna. Idon ya ɗan kanne, ya buɗe. Iyakarsa ke nan: tsamin ya kusa tafiya.

Sarkis ya yi wurgi da hularsa. "Ku yanka! Yanzu! Ku fara daga ƙasa!"

Muka yi ta yanka har yatsu suka fashe. Layukana na ƙasa sun riga sun wuce, arak suka tafi, kuma har yau in na tuna sai na ji haushi. Sauran dai muka matse, muka rufe a ganga, muka zauna da fargaba duk lokacin sanyi.

Ranar buɗe ganga, bisa al'ada shi ke fara kurɓa. Aka miƙa masa kofi. Ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki. Sannan ya miƙa wa Nazha, a gaban kowa, ya ce, "Ni ruwa nake ji. Faɗa musu."

Matar da ba ta ƙaunar tsami ta ɗaga kofin ta sha. Idon hagu ya rufe ruf, na dama yana zubar da hawaye.

Ta ce, "Ta yi."

Tun daga shekarar nan ita muke bi gona da kwanduna. Shi yana gaba, yana tsinko mata.