Shekarar da ɗan fim ya hana ni dashen tumatir

Ko na tsufa na fara rikita sunayen 'ya'yana, ba zan manta shekarar da wani ɗan fim, wanda bai ma san ina duniya ba, ya raba ni da tumatir ɗina ba.

Lokacin ina noman rani a Kadawa, kuma ina ji da kaina, don ni kaɗai ne mai difloma a layin gonakinmu. Akwai wani jarumi mai ƙaton tumbi da muke kallo a waya in muna jiran ruwa ya iso daga kanal. Rannan sai na lura da wani abu: duk shekarar da ya fito a mugu, tsutsa sai ta cinye mana tumatir, shekarar da ya fito a mutumin kirki kuwa sai kwanduna su yi mana kaɗan. Na waiwaya shekara biyar baya, babu wadda ta saɓa. Na sami kwali na zana layi biyu, na muguntarsa da na tsutsa, suna hawa tare suna sauka tare kamar tagwaye.

Irina ya yi kyau a bedin da na rene shi, saura kwana kaɗan dashe, sai ga sabon fim: mutumin nan ya cinye gadon marayu. Na ɗauki kwalina na nufi dattijon da muke iyakar gona da shi.

"Baba, bana kada ka dasa. Ga hujja."

Ya juya kwalin sama da ƙasa, ya ce, "To ɗana, tunda kai ba za ka dasa ba, irin naka fa?"

Na ce ya kwashe. Wallahi har tausayinsa nake ji.

Shekarar nan ko tsutsa ɗaya ba a gani ba. Gonar Baba ta yi jajir da irina, tawa ta zama wurin hutun awaki. Matata kuwa, duk ranar da za ta aika sayen tumatirin miya, a gabana take aiken. Abin ya ci ni ƙwarai.

Saboda kyan gonar, 'yan fim suka zo ɗaukar waƙa a ciki, har da mai tumbin. Na kutsa na gaishe shi, na karanta masa komai. Ya yi dariya har yana dafa mota.

"Malam, fim ɗin nan shekara uku ke nan da muka yi shi, sai bana aka sake shi. Ni tumatir ma likita ya hana ni ci."

Baba yana gefe yana jera kwanduna, bai ko ɗago kai ba.

Tun daga ranar, in na ga abu biyu suna tafiya tare, sai na tsaya na tambayi kaina wa ya haɗa su. Sau da yawa nakan tarar ni ne.