Sun Gode wa Mutanen Garinmu

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Malam Sabi'u na firamare ya shige tun bara, ga ni. Ban mutu ba, ko da yake wasu sun riga sun fara zaɓa wa matata miji.

Abin ya fara da kasala. Sai ciki ya kama kumbura, ni kuma ina ramewa. A shekarar da buhun masara ya gagari mai albashi, wa zai kula da rama? Kowa a rame yake.

Wata safiya ina alwala na yi aman jini.

Matata Rabi ta saki buta. Mu biyun mun san wannan aman. Shi ya kashe yayana Habu, manomin tumatir a bakin ruwan Watari.

Da Yaya Habu ya rasu, asibiti suka ce hanta ce. A garinmu kuwa, idan hantar namiji ta lalace har ya yi aman jini, magana ɗaya ce: yana shan giya a ɓoye. Mutumin da ladan ke tararwa a ƙofar masallaci da asuba. An yi masa salla, amma na ga masu tsayawa daga nesa. Innarmu ta daina zuwa biki da suna.

Yanzu ga ƙaninsa. Aka ce abin na gida ne.

Aka kwantar da ni a Kano. Ƙarin jini, gwajin ciwon hanta, hoton ciki, gwajin bayan gida. Muka sayar da awakin Rabi da babur ɗina. Duk gwajin da aka yi, sai a ce ba a ga komai ba.

Wani nas ya sunkuyo, ya ce, "Malam, faɗi gaskiya ka taimaki kanka. Kwalba nawa a rana?" A gaban surukina ya faɗa. Washegari surukin ya aiko a ce wa Rabi ta tattaro kayanta.

Ta ce ba inda za ta.

Likitar da ke duba ni, wata matashiya, ita kaɗai ta tambaye ni inda na taso. Na ce mata a ruwan noman rani muka girma. Duk yaron garinmu ya yi fitsarin jini, tsargiya, har tsokanar wanda bai yi ba muke, mu ce bai zama namiji ba. Na kuma ba ta labarin wasu masu bincike da suka taɓa zuwa da janareta da na'ura, suka shafa wa cikinmu mai, suka ɗauki hoto, suka ɗebi jini.

"Me suka ce sun gani?"

Na ce ba mu tambaya ba. Baƙi ne. A zauren Yaya Habu suka sauka, ya yanka musu kaji, shi ya riƙa ɗaukar musu janareta a ka. Ba a tsare baƙo da tambaya. Muka ce idan akwai magana za su dawo.

Ta duba a wayarta. Ta samo rubutun da suka yi, amma kansa kawai da 'yan layuka ake gani. Sauran a kulle, sai an biya da dala. Ta ce, "Malam, albashina ma ba a biya ba."

Cikina ne a wannan takarda. Cikin yayana ne. Wai sai na biya kafin a gani.

Ta rubuta sunan rubutun, ta tura Rabi laburaren jami'a. Mai gadi ya kore ta, ba ta da katin ɗalibi. Ta zauna a rana a bakin ƙofa har wata ma'aikaciyar laburaren, Hajiya mai gilashi, ta fito salla ta gan ta. Hajiya ta ce su ma an yanke musu, jami'a ba ta sabunta biyan ba. Amma ta nemo rubutun ta hannun wani laburare, kuma ta ƙi karɓar ko kuɗin bugawa.

Likita ta karanta a tsaye a bakin gadona, tana gwada hotunan da nawa. Ta ce tsargiya iri biyu ce. Akwai wadda ke komawa hanta ta yi shekaru tana ɓarna a shiru, har gwaji ya daina kama ta. Masu binciken sun gan ta a cikin mazan ƙauyukanmu. Sun rubuta cewa a ba su magani.

Maganin 'yan ƙwayoyi ne. Ina ma Yaya Habu ya sha a lokacin.

Ni na sha. An zura min kyamara ta maƙogwaro an ɗaure jijiyoyin da ke fashewa. Hantar ba za ta koma yadda take ba, amma aman ya tsaya, na koma aji.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata, da Hajiyar laburare da ban ko san sunanta ba, da Rabi. Wanda ya ce ina sha, ban yafe ba tukuna, kar in yi ƙarya.

'Yan'uwa, yaro ya yi fitsarin jini, ku kai shi asibiti, ba balaga ba ce. Ku faɗa wa likita ruwan da kuka taso a ciki. Masu bincike suka zo, ku ba su ruwa, amma ku tambaye su ranar dawowa da sakamako. Ku kuma malaman jami'a, abin da kuka ɗiba a jikin talaka, ku ajiye shi inda likitansa zai buɗe kyauta.

A ƙarshen takardar akwai layi ɗaya da suka gode wa mutanen garuruwanmu bisa haɗin kai da karamci. Na fassara wa Inna shi, bayan na gaya mata ɗanta Habu bai taɓa sha ba.

Ta ce, "Na sani."

Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta miƙo min. "Godiyar tasa ce. Ka san inda yake kwance, kai masa."