Man Shanun Inna da Baƙin Man Motarmu

Muna shiga Kasuwar Daji da rana tsaka, fitilar mai ta tsohuwar motarmu ta kama ƙyaftawa. Farkon shari'a ne, Yaya Sani na tuƙi, Inna na baya.

Shi ya nace da tsinkakken baƙin mai, wai irinsa Turawa ke zubawa.

Na buɗe ƙwaryar man shanun Inna. Daskararre muka ɗauko shi Shinkafi, ga shi ya koma ruwa.

"Yaya, dubi yadda rana ta yi da wanga. To na cikin inji fa?"

Ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Nemo muna mai kauri kafin inji ya ƙone."

Har gobe mai kauri nake zuba wa tsohuwar mota. Bature bai san ranar Shinkafi ba.

Ku wane iri kuke zubawa?