Tasar Da Na Saki A Bayan Yaron

Edita, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina, ka kuma sakaya sunana. Ni tsohon malamin firamare ne, mutumin Kankiya. A shekarun da gwamnati ta samu kuɗin mai ta ce kowane yaro sai ya shiga boko kyauta, ina cikin samarin da aka yi wa horon gaggawa aka watsa ƙauyuka. Ni aka tura ni wata makaranta can gaban Yashe, a ƙasar Kusada, aji biyu da gindin tsamiya. Ina da sabon keke da agogo, ga girman kai ba a magana. Aƙidata a koyarwa ɗaya ce, kuma ina faɗinta ko ba a tambaye ni ba: babu daƙiƙin yaro sai dai malalaci, maganin lalaci kuwa tsumagiya. A lokacin gani nake wannan ita ce ƙaunar yara.

Dole in faɗi yadda zamanin yake, ba don in wanke kaina ba. Mutane ba sa son boko. Idan muka fita ɗibar yara tare da mai unguwa, wasu a rumbu ake ɓoye su, wanda muka kama kuwa nan take a ƙirƙiro masa ciwo. Wannan a ce farfaɗiya gare shi, wancan a ce kurma ne. Kurumtar ta fi yawa, don ita ce mai sauƙin kwaikwayo. Sai na samo dabara. In tsayar da yaro ya ba ni baya, in saki tasa a ƙasa, in ya waiga ƙarya ta ƙare. Na kama yara da yawa da haka, har ake ce mini malam mai tasa, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Akwai wani maraya a hannun kakarsa, siriri mai manyan idanu, bai wuce shekara takwas ba. Ranar da muka je ɗaukarsa, tsohuwar ta kira ni ɗanta, ta ce tun da sanƙarau ya kwantar da shi da bazara kunnensa ya yi nauyi, na hagu ne kawai ke ɗan ji, shi ma sai an tsaya gabansa an ɗaga murya. Ta ce ita ba ta ƙi boko ba, so take dai in sani. Na yi murmushi na ce wa iya ta bari mu gani. Na juya shi a kan daɓen zaure, ƙafarsa ba takalmi, na saki tasar dab da dugadugansa. Ya waiga. Mutane suka fashe da dariya, na ce wa tsohuwar ta ji tsoron Allah, girma ya kama ta. Ta sunkuyar da kai.

Da farko a gaba yake zama saboda ƙanƙantarsa, kuma rubutunsa ya fi na kowa kyau. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yake kafa mini ido a baki ba ƙiftawa, na ɗauka raini ne. A tsarina, bayan jarrabawa na ɗaya ke zama gaba, na ƙarshe can jikin bango. Da aka yi shifta da lissafin ka, waɗanda da baki nake faɗar tambayoyinsu, shi ya zo na ƙarshe, na mayar da shi baya. Daga nan karatu ya ɓace masa ɗungum. In yi tambaya ya yi zuru, in zane shi, gobe ma haka. Wata rana na kira sunansa sau uku yana duƙe yana rubutu. Na taka har inda yake na kwaɗa masa mari da hannun dama, ya sauka a kunnensa na hagu. Kwana biyu ruwa na fita daga kunnen, na ce a ɗiga masa man ja.

A cikin wannan zangon wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi da takarda, ana neman sunayen yara kurame da makafi, za a kai su makarantarsu ta musamman a birni, komai gwamnati za ta yi. Hedimasta, dattijo mai haƙuri, ya kira ni ya ambaci yaron nan. Na ce atafau, ni na gwada shi da kaina, kuma in muka rubuta shi gobe kowane gida zai kawo kurmansa. Ya ce in sake dubawa, don shi hankalinsa bai kwanta ba. Na rantse masa. Ina tsaye ya rubuta babu a takardar, jami'in ya hau motarsa ya tafi. Da damina ta faɗi yaron ya daina zuwa, kakar ta aiko a gaya mini ta bar ni da Allah. Ko a jikina, shekara na zagayowa aka canza mini wurin aiki.

Sai da na yi furfura aka tura mu wani kwas. Wata malama ta yi mana bayanin cewa yaron da ba ya ji yakan ji motsin ƙasa ta tafin ƙafarsa in abu mai nauyi ya faɗi kusa da shi, bakin malami kuma shi ne kunnensa, don haka kada a yarda ya zauna baya. Kowa na rubutawa, ni kuwa na ajiye alƙalami. Daɓen zauren nan na gani, da idanun nan a kan bakina. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Na shiga cigiya. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa. Shi kuma na same shi a kasuwar Kankiya yana aikin injin niƙa, magidanci, gari ya rufe masa gira. Mai injin ya ce ya ɗauke shi ne don ƙarar ba ta damunsa, ko aradu ta faɗi ba ya ji. Ya gane ni, ya durƙusa. Da na ɗaga hannu in ba shi mu gaisa, sai ya kauce ya dafe kunnen hagu. Na yi ta magana ina neman gafara, yana kallon bakina, bai fahimci komai ba. Na yago takarda na rubuta masa ya yafe mini. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa yatsa ya nuna harafin 'a', ya sake nuna wani, ya ɗago yana murmushi yana jira in yaba masa. Iyakar abin da ya samu a wurina ke nan, tun lokacin da yake zama a gaba.

Na koma wurinsa ba sau ɗaya ba, har yau ban samu hanyar da maganar za ta isa gare shi ba, kuma na fid da rai. Malamai masu tasowa, ku ji tsoron ranar da dabararku ta yi muku daɗi har kuka daina sauraron iyaye. Yaron da ya yi shiru a bayan aji, ku taso da shi gaba ku duba shi kafin ku ɗauki bulala. Gara ƙarya goma ta wuce ku da ku ƙaryata mai gaskiya ɗaya. Ni nawa ya riga ya wuce. Takardar nan tana aljihuna, kuma wanda na rubuta wa ba zai taɓa karanta ta ba, don ni aka ba shi in koya masa.