Amanar da Rabo Ya Ba Muttaka

Rabo ɗan ƙauyen Mabai ne, kuma shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Yana aji biyu ya auri Lauratu, 'yar garin Mairuwa, don suna son juna. Wata shida da bikin, 'yan bindiga suka tare motar da yake ciki a hanyar Kankara, ya yi kwana goma sha tara a daji.

Ya dawo da ransa, amma ba yadda ya tafi ba. Da zarar Lauratu ta matso kusa da shi, sai jikinsa ya mutu, ƙirjinsa ya riƙa bugawa. Ya sha sassaƙe, ya sha rubutu, shiru kake ji. Ita kuwa ba ta taɓa ce masa uffan ba.

Mutum ɗaya ya faɗa wa: Muttaka, ɗan garin Sabuwa, abokin ɗakinsa a makaranta. A lokacin Muttaka na rubuta binciken kammala digiri kan abubuwan da ke motsa sha'awa ko kashe ta a tsakanin ɗalibai. Ya yi ta roƙon Rabo ya bari ya sa labarin.

"Wallahi sunanka ba zai fito ba. Amana ce," in ji shi.

Ranar da Muttaka zai kare bincikensa, Rabo ya je taya shi, ya zauna a baya. Can sai ya ji Muttaka na karantawa: "Misali na huɗu, ɗalibi magidanci daga wani ƙauyen Kankara, wanda aka yi garkuwa da shi kwana goma sha tara..."

Ɗalibai suka fara waiwayowa ɗaya bayan ɗaya.

Da aka tashi, Rabo ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ai ban faɗi suna ba," in ji Muttaka, yana kallon ƙasa.

"Mu nawa ne aka ɗauke kwana goma sha tara?"

"Malamin da ke duba aikin ne ya ce in ƙara bayani."

Labari ya riga Rabo isa Mabai. A majalisa wani ya miƙo masa ƙullin maganin maza, aka kwashe da dariya. Lauratu kuwa a kasuwar Yankara gwaggonta ta ja ta gefe ta tsegunta mata.

"Ka iya faɗa wa ƙato a makaranta," Lauratu ta ce da Rabo da ta dawo gida, hawaye na zuba, "ni da abin ya shafa ka kasa?"

Ita ce daga baya ta matsa suka je ganin likita a Funtuwa, sauƙi ya riƙa zuwa a hankali.

Yanzu Rabo na koyarwa a firamare, yana noman dawa da damina. Muttaka ya aiko mutane sau uku neman gafara. Rabo ya ce ya yafe don Allah, amma ko a jana'iza suka haɗu, gaisuwa kawai ke shiga tsakaninsu.