Saura Ƙafar Hagu

Jama'a, wannan labarin ba a majalisa na tsinto shi ba, wallahi a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin ina karatu a Guangzhou, a ƙasar Sin. Ni dai mutum ne marar son hayaniya, daga aji sai ɗakin karatu, sai ko ranar hutu in bi wani Alhaji ɗan Kano, dillalin takalma, in yi masa tafinta a kasuwar Zhanxi Lu, ya saya mini abincin rana.

Abin ya samo asali ne daga kakata, Hajiya, wadda ta riƙe ni a Fagge. Tana goye mahaifinta ya tafi Ikko, ya samu aikin zuba kwal a injin jirgin ruwan Turawa, kuma bai dawo ba. Sai bayan shekaru wani abokin aikinsa ya zo da labari, wai ciwo ya kama shi a wani gari mai suna Kanton, aka sauke shi a asibitin 'yan mishan, kuma wai kafin ya cika an yi masa baftisma. Daga ranar dangi suka daina ambatonsa. Hajiya ce kaɗai ba ta daina ba, duk Juma'a sai ta soya waina ta raba sadaka da sunansa, amma rabawa take tana kuka, don ba ta san ko ladan yana isa gare shi ba.

Ranar da na gaya mata Kanton ɗin nan shi ne garin da nake, a waya muke magana. A lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da ita. Sai ta ce, "Maigida," haka take kirana da wasan jika, "an ce masu coci ba sa yi wa mutum wankan nan sai sun rubuta. Ka dubo mini. Ba na son in tafi ban sani ba."

Na shiga nema. Ko sunansa na yanka ba mu da shi, Ɗan'azumi kawai aka san shi, ita kuma Hajiya kunya ba ta taɓa barin ta tambayi sunan ubanta ba sai da masu sani suka ƙare. Haka na riƙa bin tsofaffin coci-coci na bakin kogi, ina sunkuyar da kai ina bayani da Sinancina na makaranta. Amsar ɗaya ce, meyo, wato babu. Wasu su ce an ƙone takardun a zamanin rikici, wasu su ce an kwashe su zuwa garin Makau tun kafin a haife su. Na aika wasiƙu can ma, shiru.

Alhaji kuwa ya samu abin tsokana. "Ɗan boko, kai da ko gaisuwa sai an roƙe ka, yanzu kullum kana coci? Ka faɗa mini da wuri in san abin da zan ce wa mutanen gida." Da na ba shi labarin sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ka bar wa Allah, yaro. Wanda ya kwanta, ba a ɗaga masa mayafi." Na ce to, amma ban bari ba.

Wata Laraba bayan Azahar, ana irin zafin garin nan mai danshi da riga ke manne wa mutum, na je wani ƙaramin coci a cikin lungu. Tsohuwar da ke shara, wadda nake kira Ayi kamar yadda ake kiran iyaye mata a can, ta ji tausayina don zuwana na baya ma ta gan ni. Ta ce takarda kam meyo, amma a baya akwai ragowar ginin tsohon asibitin, sun mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru, in ina so in leƙa. Ta buɗe mini ta koma kan shararta.

Ɗakin dogo ne, haske na shigowa ta tagogin sama. Na yi 'yan taku sai na ji warin hayaƙin kwal, mai kauri, har ya kama mini maƙogwaro. A ƙarshen ɗakin wani baƙin mutum na zaune a kan benci, da tsohuwar rigar sanyi mai nauyi a wannan zafin, ƙafafunsa babu takalmi. Ba tsoho ba ne sosai, amma ya rame ƙwarai. Na zaci cikin 'yan'uwanmu ne da biza ta ƙare musu suke ɓuya, don ana samu. Na yi sallama.

Ya amsa, da wata irin Hausa ta mutanen da, a hankali, kamar mai ciwon ƙirji. Ya ce, "Samari, takardar da kake bi ba za ta gaya maka kome ba. Wanda ya rubuta ta bai san abin da ya gani ba."

Ni ban gaya masa abin da ya kawo ni ba. Amma wallahi a lokacin ban ji tsoro ba, sai na durƙusa a gabansa yadda ake yi wa manya.

Abin da ya faɗa, gwargwadon yadda na riƙe, shi ne mutumin da nake nema yana kwance a ɗakin nan, ya san lokaci ya yi, kuma babu mai jin harshensa. Yana son ya yi alwala. Sai ya riƙa yi musu nuni, yana murza hannuwa, yana shafa fuska, yana shafa kai, yana nuna sama. Fadan cocin da ke kula da su, mutumin kirki ne in ji shi, ya ga haka ya yi murna har da hawaye, ya ɗauko ruwa a kwano ya zuba masa a ka yana addu'arsa. Shi kuma majinyacin ya tari ruwan da ke gangarowa, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska da damatsa, ya yi shafa. Kowa a cikinsu yana ganin ɗan'uwansa ya fahimce shi.

"Sai ƙafa," ya ce. "Ya kasa tashi ya kai ga ƙafa. A nan aka tsaya."

Ya miƙo ƙafafunsa gabana. Sun yi fari fat da toka, duk sun tsattsage. Ya dubi robar ruwan da ke hannuna, wadda na sha fiye da rabi a hanya. Na buɗe, na kama ƙafar dama. Innalillahi, sanyinta! Kamar ƙarfen da ya kwana a firij. Na zuba, ina cuɗawa har idon sawu, ina tsefe yatsun, tokar tana shanye ruwan kamar ƙasar rani, ina ƙarawa tana shanyewa, kafin in ankara robar ta ƙare.

Ya dubi ƙafar hagun, ya dube ni. Har yau ban ga ido mai gajiya irin wannan ba.

Na ce, "Baba, bari in ɗebo." Na fita da gudu zuwa famfon tsakar gida, na cika, na dawo. Babu kowa. Ƙofa ɗaya ce, kuma Ayi tana bakinta da tsintsiya. A gaban bencin akwai sawun ƙafa guda, jiƙaƙƙe, a kan ƙura. Na tambayi Ayi ina mutumin, ta dube ni ta dubi sawun, ta ja ni waje ta datse ƙofar da kwaɗo. Ta ce kar in sake zuwa.

Da yamma na kira gida aka kara wa Hajiya waya a kunne. Na ce, "Hajiya, alwala ya nema. Ba su gane ba ne." Ina jiran ta ce wa ya gaya maka, ko ina takardar. Ba ta tambaya ba. Sai ta ce, "Ya idar?"

Na ce, "Saura ƙafar hagu."

Ta ce, "To. Bar mini wannan, Maigida. Ka yi naka."

Ba ta kai Juma'a ba. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ke wurin, ta rantse mini cewa da suka yaye zanen don yi mata wanka sun tarar da hannuwanta jiƙe har wuyan hannu, da baƙin abu kamar toka a ƙarƙashin farce, matar da ta yi kwanaki ko kofi ba ta iya ɗagawa.

Amsar Makau ta zo bayan an yi sadakar arba'in. Hoton shafi ɗaya ne, layi ɗaya da rubutun hannu: baƙin ma'aikacin jirgi, ba a san sunansa ba, an yi masa baftisma bisa roƙonsa, ta hanyar nuni. Babu ƙasarsa, babu shekarunsa. Zai iya zama shi, zai iya zama wani bawan Allah daban. Ban nuna wa kowa a gida ba.

Na kai maganar gaban wani malami ɗan Nijar da ke ja mana salla. Ya ce matattu ba sa dawowa, aljani kuwa yana iya ɗaukar kowace siffa ya faɗi abin da kake son ji, in yi ta addu'a in manta. Na yarda da shi, ban musa ba. Sai dai ban san ƙafar wa na riƙe ba, ban kuma san inda Hajiya ta ce za ta ƙarasa ba. Kuma har gobe, in ina alwala na zo kan ƙafar hagu, sai in ji ruwan ya yi sanyi fiye da yadda ya fito daga buta, in tsaya ina zubawa ina zubawa, har na bayana a layi su fara gyaran murya.

Ku masu tonon asali, ban ce ku bari ba. Amma ku tambayi tsofaffinku tun suna da bakin magana, ku tsaya a nan in ya ishe ku. In kuwa sai kun bi sawun mamaci har inda ya kwanta, to ku sani ba ku kaɗai ke da buƙata ba, shi ma wataƙila akwai abin da ya daɗe yana jira. Allah Ya sa mu cika da alwalarmu cikakkiya.