Ƙarfen da Kakana Ya Buga na Ƙarshe

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Tandabawi, akwai wani ɗan dutse a bayan gidanmu. A samansa akwai tsohuwar hasumiya, ɗaki ɗaya mai taga huɗu. Mutanenmu na farko suka gina ta, lokacin da gidajen unguwar duk katako ne da kwano, gobara kuma ba ta da wuya. Kakana ne mai gadinta na ƙarshe. In ya hango hayaƙi sai ya ɗauki guduma ya bugi wani bututun ƙarfe da ke rataye, kowa ya fito da bokiti.

Ni ke kai masa shayi in na taso daga makaranta. Idanunsa sun yi rauni, don haka ni ce mai duba masa gari. "Ga mai ido babu baki, ga mai baki babu ido," haka yake tsokanata, don ko sallama da ƙyar nake yi.

Sai aka shafa wa gidajenmu jan fenti, alamar rusau. Maƙwabta suka yi ta kwashewa zuwa unguwar Ka'akiyya. Mahaifiyata ta ce, "Baba, halas, ya isa haka, ka sauko. Me ya rage da zai ƙone?" Ya ce in dai da gida ɗaya a tsaye, yana nan.

Wata la'asar wani abu ya turnuƙe daga gabas. Ya dafa kafaɗata. "Hayaƙi ne?"

Na san ƙurar rusau ce. Hayaƙi sama yake yi, wannan kuwa ja ce, tana rarrafe. Amma na ga yadda ya miƙe kamar saurayi, sai bakina ya mutu.

Ya yi ta bugu har hularsa ta faɗi. Sannan ya tsaya, ya kasa kunne. Babu ƙarar ƙofa, babu ta bokiti.

"Ba wanda ya fito?"

"Babu, Kaka."

Ya miƙo min gudumar, ya ce in riƙe masa hannu mu sauka. Bai sake hawa ba.

Yanzu an fasa dutsen, motoci ke kwana a wurin. Na sha gaya wa kaina ko na ce ƙura ce, ba abin da zai canja. Sai dai da na faɗa, da ya bar duniya yana zaton in ya buga za a fito.